Mako 14 a Kan Maganin Naman Kaza: Yadda Ciwon Dajin Hanjin Wani Ɗan Kasuwa Ya Kasance

## Wane ne shi

Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. Ya yarda in rubuta wannan da sharaɗin kada in kama sunansa, ko na asibitin da ya kwanta, ko na mutumin da ya sayar masa da maganin. Lokacin da abin ya fara yana da shekara 54, yana cinikin hatsi a kasuwar Dawanau. Ba ya shan taba, ba shi da ciwon suga ko hawan jini, nauyinsa kilo 74. Ni nake riƙe da katinsa da takardun gwajinsa tun ranar farko, lambobin da ke nan daga cikinsu na ɗauko. Ƙidayar makonni da watanni kuwa na fara ta ne daga ranar da aka tabbatar da ciwon.

## Kafin a gano: wata tara ana cewa basir ne

Jini ya fara gani a bayan gida, kaɗan-kaɗan, wani lokaci da majina. Duk wanda ya faɗa wa sai ya ce basir ne, shi ma haka ya ɗauka. Ya sha tsimi, ya sha sassaƙe, ya sayi garin masu talla da lasifika. Daga baya bayan gidan ya koma siriri, yau gudawa, gobe ya ƙi fita. Abin da ya kai shi asibiti jiri ne da ya ɗebe shi a sahun sallar Juma'a. Aka auna jininsa aka samu kashi 26, alhali namiji mai lafiya yana haura 40. Aka ƙara masa leda biyu, aka ba shi ƙwayar ƙarin jini, aka tura shi leƙen hanji da kyamara.

## Wata na 1: an ga ƙari

Kyamarar ta nuna ƙari a ƙarshen babban hanji, ta ɓangaren hagu, ya tare kusan rabin hanya. Aka ɗan tsinki naman aka kai ɗakin gwaji, bayan kwana 12 sakamako ya dawo: ciwon daji ne. Hoton sikan ya nuna hanta da huhu lafiya. Akwai wani gwajin jini da ake kira CEA, wanda likitoci ke bin sawun wannan ciwo da shi. A wajen mai lafiya ba ya wuce 5, nasa 11 ne. Nauyinsa kilo 70.

Likitan tiyata ya zana hanjin a bayan wata takarda, ya nuna inda za a yanke da inda za a haɗa. Ya ce a yi aikin cikin mako uku. Kawu ya daɗe yana kallon zanen kafin ya buɗe baki.

"Likita, za a maƙala min leda a ciki?"

"Alhaji, in muka yi shi yanzu cikin shiri, da wuya a kai ga haka. Amma ba zan rantse maka ba."

Rabin farko na maganar bai shiga kunnensa ba. Shi ke jan sallah a masallacin layinsu in liman ba ya nan, tunanin ya tsaya gaban mutane da ledar bayan gida a jikinsa ya fi ciwon kansa tayar masa da hankali. Ga kuma maganar da ke yawo a gari, cewa in wuƙa ta taɓa daji sai ya bazu. Muka fito da ranar aiki a rubuce, bai koma ba.

## Mako na 1 zuwa na 13: kwalba da takardar talla

Wani maƙwabcinsa a kasuwa ne ya kawo maganin, cikin masu kasuwancin nan na ka kawo mutum a ba ka kaso. Kwalbar kafso ce ta garin naman kaza, irin wanda 'yan Sin ke kira linji, masana kuma Ganodama, da kwalin kofi mai ɗauke da shi. A jikin kwalbar an rubuta yawan folisakarayid ɗin da ke ciki da manyan baƙaƙe. Takardar tallar ta ce sinadarin yana tayar da sojojin jiki su cinye ciwon daji, kuma gwamnatin Japan ta amince da shi tun tuni. Kuɗin kwalba ɗaya ya kai na buhun masara, kwalbar kuma ba ta kai wata.

Kawu bai saya kai tsaye ba. Ya kira ni ya miƙo min takardar, ya ce, "Ɗana, kai ka yi boko. Duba min ko gaskiya ne."

Na duba, kuma abin da na tarar ya girgiza ni, domin maganar tana da tushe. Folisakarayid doguwar sarƙa ce ta ƙwayoyin sukari da aka ɗaura da juna. A bangon ƙwayoyin naman kaza da na yis akwai wani irinta da ake kira beta-gulukan. Jikin ɗan Adam ba ya yin wannan sarƙa, don haka in garkuwar jiki ta ci karo da ita takan ɗauka baƙo ya shigo. A 2001 wasu masana biyu a Jami'ar Oksfod, Gordon Brown da Siamon Gordon, suka nuna cewa wata makama da ke jikin fararen ƙwayoyin jini, mai suna Dectin-1, ita ke cafke wannan sarƙa. In ta cafke, ƙwayoyin da ke haɗiye baƙi sai su zabura, su saki saƙonnin da ke kiran 'yan'uwansu. A jikin ɓeraye an ga gutsattsarin sarƙar suna kaiwa har ɓargo, suna shirya wasu fararen ƙwayoyin su kai wa ƙari hari.

Batun Japan ma na same shi. A 1969 wani masani mai suna Goro Chihara ya ciro sinadarin lentinan daga naman kazan shitake, ya ga yana hana ƙari girma a jikin ɓeraye, kuma a 1985 aka amince da shi a can a matsayin allura. Akwai kuma PSK, da aka sayar da sunan Krestin, wanda kamfanin Kureha ya ciro daga wani naman kaza mai zane-zane da ke fitowa a ruɓaɓɓen itace. An fara sayar da shi a 1977, likitoci ne ke rubuta shi a lokacin. Har na ga wani gwaji da aka buga a mujallar Lancet a 1994, a kan masu ciwon dajin tumbi 262: cikin waɗanda aka ba PSK kashi 73 na nan da rai bayan shekara biyar, cikin waɗanda ba a ba su ba kashi 60.

Na tsaya a nan. Ban karanta wane irin marasa lafiya ne aka yi gwajin da su ba, ban kuma tambayi ko abin da ke kwalbar Kawu shi ne abin da aka gwada ba. Na koma na ce masa, "Kawu, ba ƙarya ba ne, amma ka je a yi aikin." Ya ɗauki farkon maganar ya bar ƙarshenta, kamar yadda ya ɗauki rabin maganar likita ya bar rabi. Har yau wannan rana tana min nauyi.

Ya fara da kafso huɗu a rana da kofi biyu. A mako na 4 ya ce ya ji ƙarfi, jirin ya tafi, yana zuwa kasuwa har la'asar. Gidan duka aka yi hamdala. A mako na 8 na lallashe shi muka je wani ɗakin gwaji mai zaman kansa: nauyi kilo 67, CEA 16, jini kashi 30. Jinin bayan gida bai tsaya ba. Da aka nuna wa mai maganin, sai ya ce alamar ana kokawa ce tsakanin magani da ciwo, a ninka kafson zuwa takwas. Aka ninka. A mako na 12 nauyinsa kilo 64, cikinsa na murɗawa bayan kowane cin abinci, ya bar tuwo ya koma kunu. Uwargidansa ta kira ni a waya da dare tana kuka, ta ce tana jin ƙugin cikinsa daga bakin ƙofa.

## Mako na 14: hanji ya toshe

Kwana huɗu babu bayan gida, babu tusa. Ciki ya kumbura kamar ganga, ya fara amai kore. Muka kai shi asibiti da asuba. Hoto ya nuna ƙarin ya rufe hanyar gaba ɗaya, hanjin da ke samansa ya cika ya buɗe. A daren aka shiga da shi.

An cire ɓangaren da ke da ƙarin. Amma hanjin da ya kumbura haka, cike da ƙazanta, ba a ɗinke shi nan take, domin ɗinkin na iya warwarewa ya zuba a ciki. Sai aka fito da bakinsa ta hagun cibiya aka sa leda. Da ya farfaɗo ya kai hannu ya taɓa ta, ya juya fuskarsa bango. Kwana biyu bai yi wa kowa magana ba sai amsa sallama.

Sakamakon naman da aka cire ya nuna ƙarin ya ratsa bangon hanji, kuma cikin kaluluwa 17 da aka ciro ciwon ya kama 4. Mataki na uku ke nan. Hanta na nan lafiya. Ya yi kwana 13 a kwance, ya fito da kilo 60. Batun sallah kuwa wani malami ne ya zo har gida ya warware masa, ya ce hukuncinsa hukuncin mai lalura ne, ya yi alwalarsa ya yi sallarsa. Daga ranar ya fara fita tsakar gida.

## Wata na 5 zuwa na 11: kemo, da abin da ya sami hanta

Mako bakwai bayan aiki aka fara kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, domin likitoci na son a fara kafin mako takwas ya cika. Magani biyu ne: oksalifilatin ta jijiya duk bayan mako uku, da ƙwayar kafesitabin safe da yamma na kwana 14, a huta bakwai. An tsara zagaye takwas saboda yawan kaluluwar da ciwon ya kama.

Kafin zagaye na uku gwajin hanta ya fito da ALT 214, alhali bai kamata ya wuce 40 ba. Aka dakatar da kemo. Aka yi gwajin ciwon hanta na B da C, babu. Aka yi sikan ko ciwon ne ya tsallaka hanta, babu. Likitar da ke ba shi kemo ta ajiye biro ta dube shi.

"Baba, ban da abin da muke ba ka, me kake sha?"

Ya yi shiru, sannan ya ce yana shan kafson nan har yanzu, da kofin, da wani jiƙo da aka kawo daga ƙauye. Ni kaina ban sani ba. Hujjarsa ita ce an ce kemo na kashe garkuwar jiki, shi kuma yana son ya tallafa mata.

Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta ce a ajiye duka ukun, a kawo kwalbar ta gani. Ta faɗa mana cewa an taɓa samun rahoton lalacewar hanta a wajen masu shan garin linji a Hong Kong da Tailan, kuma a Japan a 2006 an buga labarin masu ciwon daji uku da hantarsu ta tabu sosai bayan shan wani naman kazan daban, Agarikus. Bayan mako uku ALT ya sauko 52. Aka ci gaba da kemo a kan adadin da aka fara, bai sake hawa ba har aka gama.

Ranar da muka kai kwalbar ne mai haɗa magunguna na sashen ya yi wa Kawu bayanin da ya fi kowane shiga kansa. Ya nuna rubutun folisakarayid ɗin ya ce, "Alhaji, kai da kake sayar da hatsi, ai kai ne babban dillalin wannan abu. Sitacin da ke cikin masara da dawa shi ma folisakarayid ne." Ya ce kalmar suna ce ta dangi guda, kamar a ce hatsi, ba ta faɗa maka gero ne ko shinkafa. Masu yin irin wannan kafso da yawa suna shuka saiwar naman kazan ne a kan hatsi, su niƙe duka tare, sitacin ya shiga lissafi. Ko beta-gulukan ɗin ma iri-iri ne, na sha'ir da ɗaurinsa, na naman kaza da nasa rassan, garkuwar jiki kuma ba ta amsa su daidai. Game da lambar hukumar NAFDAC da ake nunawa a jikin irin waɗannan kayan, ya ce rajista ce ta a sayar, ba shaidar warkarwa ba, shi ya sa ake rubuta a jikinsu cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin maganin ba. Kawu ya juya kwalbar a hannunsa, ya ce, "Ashe kayana aka sayar min da tsada."

A daren na koma kan takardun da na karanta wata shida baya, wannan karon har ƙarshe. Mutum 262 ɗin nan na gwajin 1994, duka an riga an yi musu tiyata an cire ƙarin, kuma duka ɓangarorin biyu suna karɓar kemo. PSK ƙari ne a kai, giram uku a rana, na sinadarin da aka tace aka auna. A 2006 an haɗa gwaje-gwaje uku na masu ciwon dajin babban hanji 1,094, aka ga amfani, su ma duka bayan tiyata ne tare da kemo, kuma kemon wancan zamanin ne da babu oksalifilatin a ciki. A 2007 aka haɗa gwaje-gwaje takwas na dajin tumbi, mutum 8,009, haɗarin mutuwa ya ragu da kusan kashi 12 cikin 100, su ma bayan wuƙa. Ma'aikatar lafiyar Japan da kanta ta sake duba Krestin a 1989, ta taƙaita shi ga amfani tare da kemo a wasu 'yan cututtuka. Lentinan kuwa allura ce, ba a haɗiya, kuma da aka gwada shi tare da wani maganin kemo mai suna S-1 a kan masu dajin tumbi da ya yi nisa, kusan mutum 300, sakamakon da aka buga a 2016 bai nuna ƙarin kwana ba. Shi linji, wanda shi ne a kwalbar Kawu, ƙungiyar Cochrane mai tantance binciken lafiya ta tattara gwaje-gwajensa biyar, mutum 373, ta ce babu hujjar da za a sa shi a gaba wajen maganin daji. Hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da ko ɗaya cikinsu a matsayin maganin ciwon daji ba.

Kemon bai zo da sauƙi ba. Oksalifilatin na sa jijiyoyi su ƙi sanyi, kuma lokacin hunturu ne. In ya taɓa ruwan randa sai ya ji kamar lantarki ta ja shi, sai an ɗumama masa ruwan alwala har na asuba. Tafin hannunsa ya yi baƙi yana saɓa. Bayan zagaye na shida yatsunsa suka fara kasa sa maɓallin riga, aka cire oksalifilatin, aka ƙarasa zagaye biyun da ƙwaya kaɗai. An sayar da fili ɗaya kafin a kai ƙarshe.

## Wata na 14 zuwa na 30

A wata na 12 CEA ya dawo 2.8, sikan bai nuna komai ba, kyamara ta leƙa sauran hanjin ta same shi lafiya. A wata na 14 aka sake shiga da shi aka haɗa hanjin, aka cire ledar da ya ɗauka wata goma. A wata na 30, wanda shi ne gwajin ƙarshe kafin wannan rubutu, CEA 2.4, hanta da huhu lafiya, nauyi kilo 71. Ya koma kasuwa. Tafin ƙafarsa bai dawo daidai ba, yana cewa kamar yana taka auduga.

## Abin da ya yi aiki, da abin da bai yi ba

Wuƙa ce ta cire ƙarin, kemo kuma ya bi sawun abin da ido ba ya gani a kaluluwa da jini. A mako 14 da ya yi a kan kafso kaɗai, duk ma'aunin da muke da shi ya tafi ta hanyar da ba a so: nauyi ya faɗi daga 70 zuwa 64, CEA ya hau daga 11 zuwa 16, hanyar da ƙarin ya tare rabi ta rufe ruf. Ƙarfin da ya ji a mako na 4, wanda shi ya fi komai yaudararmu, yana da bayani mai sauƙi da babu wanda ya tuna a lokacin: an ƙara masa jini leda biyu, yana kuma shan ƙwayar ƙarin jini.

Dalilin da kafson bai iya ba yana cikin yadda ciwon yake. Ƙarin da ya kai girman da zai toshe hanji ya riga ya tsallake garkuwar jiki, yana ma sakin abubuwan da ke kwantar da ƙwayoyin da suka zo yaƙarsa. Zaburar da garkuwa kaɗan ba ya rushe irin wannan tudu. Inda likitocin Japan suka ga amfani shi ne bayan an kwashe tudun, saura ɓurɓushi, kuma ko a can amfanin ɗan madaidaici ne. Ban raina wannan bincike ba, aiki ne na gaske da aka yi shekaru ana yi, har yanzu kuma masana na gwada beta-gulukan tare da sababbin magungunan garkuwa. Abin da ya cuci Kawu shi ne an ɗauko sunan wancan aiki an liƙa a kwalbar da ba ita aka gwada ba, aka cire sharaɗin tiyata da kemo daga labarin. Ni ma da hannuna a ciki, tunda na karanta rabi na ba da amsa.

A batun hanta, abu uku aka daina lokaci guda, don haka likitar ba ta ɗora laifin a kan ɗaya ba, ta rubuta ukun a katinsa a matsayin abin da zai guje wa. Abin da ya wanke kemon shi ne an ci gaba da shi ba ragi, hantar kuma ta zauna lafiya. Jinkirin ya ci mako uku.

Tsoron ledar shi ne tushen komai, kuma a nan ina ganin an yi sake daga ɓangarenmu da na asibiti. Da a ranar farko an zaunar da shi da wanda ya taɓa ɗaukar ledar aka cire masa, da an kira malamin nan kafin aiki maimakon bayansa, da mai kafson ya zo ya tarar ba wurin shiga. Yanzu in likitan tiyatar ya samu dattijon da ke ja da baya saboda wannan tsoro, yakan nemi izini ya haɗa shi da Kawu a waya. An haɗa shi da mutum uku zuwa yanzu. Gwajinsa na gaba yana wata na 36, za a ci gaba da bibiyarsa har shekara biyar ta cika.